Motar Zamani Mai Ogzilari Da Tafiyar Hamada: Amsa Ga Mai Shirin Agadas Da Bilma

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya. Yana shirin fara zuwa Agadas da motarsa, wani lokaci har ya zarce Bilma sarin dabino da gishiri. An kawo masa tayin mota biyu: Hilux mai gas ƙirar 2018 da aka shigo da ita daga Turai, da tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura mai injin 1HZ wadda ta haura shekara ashirin. Abokansa direbobi a Kwangila sun ce masa kada ya kuskura ya shiga sahara da mota mai kwamfuta, ko da sabuwa ce dal. Yana so ya san gaskiyar maganar, da kuma wadda ya kamata ya ɗauka.

Alhaji, maganar abokanka tana da tushe, sai dai sun ɗora wa kwamfuta laifin da yawancinsa ba nata ba ne. Motar zamani ba ta cika lalacewa kamar ta da ba. Injinta ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, kuma ƙwaƙwalwar da ake tsoro, wato kwamfutar, a rufe take ruf, tana iya kaiwa ƙarshen rayuwar mota ba a taɓa ta ba, muddin ruwa bai shige ta ba, kuma wani bai juya kan batir ba. Bambancin yana fitowa ne ranar da motar ta tsaya. Tsohuwar mota tana yawan ba da matsala, amma da sifana da filaya da guntuwar waya akan lallaɓa ta ta kai gari. Ta zamani tana daɗewa lafiya lau, amma in ta tsaya, sau da yawa abin da take buƙata yana Kano ko Yamai, kai kuwa kana tsakiyar Tenere, hamadar da ke tsakanin Agadas da Bilma. Saboda haka abin da za ka auna shi ne: me zai iya tsayar da wannan motar, kuma in ya faru, akwai abin da zan iya yi da kayan da ke hannuna?

Mu fara da mai, don shi ya fi kashe injin gas na zamani a wannan yankin. Injin 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ya jiran umarnin kwamfuta, kuma nozul ɗinsa yana buɗewa a matsin da bai kai bar 200 ba. Injin 1GD ko 2GD da ke cikin Hilux tun 2015 kuwa yana tara mai a bututu guda, da matsin da ke kaiwa bar 2,000 har ya wuce. Don ka ga girman abin, tayar motarka bar biyu da rabi take ɗauka. Kafin famfo ya iya matsa mai haka, dole tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ta zama 'yan maikiron kaɗan, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai kimanin maikiron 70. Kuma ba baƙin mai ke shafe waɗannan ƙarafan ba, gas ɗin ne da kansa. In ruwa ya biyo gas, ko an surka shi da kananzir, santsin nan ya tafi. Ƙarfe zai fara cin ƙarfe, garin ya bi bututu ya shiga nozul huɗun nan, ragowar ya dawo tanki ta bututun komawa. Daga nan sai dai a sauya famfo da nozul gaba ɗaya, a sauke tanki a wanke. Wannan aiki ba a yin sa a kan rairayi. Tsohon injin zai sha irin wannan man ya yi tari da hayaƙi, amma ya ci gaba da tafiya.

Daga Zariya zuwa Kano, zuwa Damagaram, akwai gidajen mai, a Damagaram ma akwai matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011. Matsalar tana farawa ne in ka wuce inda ake sayar da mai ta famfo, ka koma hannun 'yan bumburutu masu duro da jarka. A nan akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kafin ka saya, ka tsiyayi kaɗan daga ƙasan duron a farar gora, ka bar shi minti goma: in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, in man ya yi dishi-dishi kamar kunu-kunu, ka bar musu. Ka shinshina, warin fetur ko kananzir ba ya ɓuya. Ka zuba ta mazurari mai raga da ke tare ruwa, kada ka juye lita ɗaya ta ƙarshe da ke ƙasan jarka. Kada a ɗura mai iska na kaɗa yashi ba tare da an kāre bakin tanki ba. A motar kuma, a ƙara maka filta ta biyu mai raba ruwa da mai, wadda ke da kofi mai nuna ciki, a gaban ta kamfani. Ka riƙe filtar mai uku a ajiye, na asali. In fitilar ruwa ta kama a dashbod, ka tsaya a wurin, ka kwance makunnin ƙasan filta, ka danna famfon hannu da ke kanta har gas zalla ya fito. Kada ka ce bari in ƙarasa kilomita ashirin. Gargaɗi ɗaya a nan: ɗabi'ar nan ta sassauta bututun nozul inji na juyawa don a fitar da iska, ta tsohon inji ce. A na zamani feshin yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin yana iya kaiwa ga yanke yatsa.

Abu na biyu shi ne wanda ya sa Hilux ɗin da aka yi maka tayi take buƙatar bincike sosai: don wace ƙasa aka ƙera ta? Suna ɗaya, jiki ɗaya, amma wadda aka yi wa Turai daban take da wadda aka yi wa Afirka da ƙasashen Larabawa. Ta Turai ƙirar 2018 tana ɗauke da matatar hayaƙi da ake kira DPF a jikin salansa, da yawansu kuma suna da ƙaramin tankin ruwan AdBlue, wanda ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙi, mai shuɗin murfi. An yi su ne don gas ɗin da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Afirka ta Yamma an amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020, amma man da ke cikin duro a garin Dirku, kusa da Bilma, ba wanda ya auna shi. Matatar nan tana tara baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi da zafin da ya kai digiri 600, abin da ke buƙatar tafiya miƙaƙƙiya ta kamar minti ashirin zuwa talatin da gudun kilomita 60 ko fiye. Mai mai yawan sulfa, da baƙin man da ba nata ba, da barin inji yana aiki a tsaye sa'o'i don a sha sanyi, su ne ke toshe ta. In ta toshe, kwamfuta za ta rage wa inji ƙarfi don ta kāre shi, motar ta koma rarrafe. A kwalta rarrafe zai kai ka gari. A gindin tudun rairayi, motar da ba ta da ƙarfi daidai take da matacciya. Ko a Ostareliya, inda man ke da tsabta, sai da maganar wannan matata a Hilux da Prado da Fortuner na 2015 zuwa 2020 ta kai kotun tarayya, aka yanke hukunci a 2022 cewa tana da naƙasa.

Ruwan AdBlue kuwa, in ya ƙare, motar za ta yi ta gargaɗi, daga baya in ka kashe ta ba za ta sake tashi ba, ko da lafiyar injin ƙalau. Haka aka tsara ta. Zafi yana lalata ruwan, kuma ba abin da za ka samu a ƙauyen Fachi da ke kan hanyar Bilma ba ne. Ga kuma haɗarin gobara: matatar nan da ke kai digiri 600 tana ƙarƙashin mota, tsakanin Tanut da Agadas kuwa akwai busasshiyar ciyawa da ƙarangiya da ke cushewa a ƙasan bodi. Ka riƙa leƙawa kana cirewa, ka riƙe tukunyar kashe gobara biyu inda hannu zai kai.

Da yawan motocin Beljiyam an riga an huda matatar an zubar da cikinta. In an yi haka ba a daidaita kwamfutar ba, matsala ce aka ɓoye, za ta fito ranar da ba a shirya mata ba. Ka sa a ɗaga motar ka gani da idonka, a kuma jona na'ura a karanta abin da kwamfutar ke cewa kafin ka biya ko sisi.

Akwai zaɓi na uku da ba ka ambata ba, kuma a ganinmu ya cancanci ka duba shi: injin fetur marar turbo, wato 2TR mai lita 2.7 a Hilux, ko 1GR mai silinda shida da lita 4.0 a Land Cruiser. Su ma kwamfuta ke tafiyar da su, duk da haka Hilux ce ta mamaye hanyar Agadas zuwa Dirku, ciki har da masu fetur, wanda ya ishe ka shaida cewa kwamfuta kaɗai ba ta hana tafiyar hamada. Famfon fetur bar uku zuwa huɗu yake matsawa, yana cikin tanki, girmansa bai wuce tafin hannu ba, ana iya sauya shi a daji. Da famfo ɗaya, da koyil biyu, da fulogogi, ka toshe mafi yawan ƙofofin matsala. Illarsa shan mai da haɗarin wuta. Jarkar fetur tana kumbura a rana, don haka ta ƙarfe ake so, a waje, ba cikin mota ba. Kuma kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, don fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Ga lissafin man. Motar gas da ke shan lita 10 zuwa 13 a kilomita 100 kan kwalta, da kaya a rairayi mai laushi za ta sha 18 zuwa 25. Ta fetur tana kai 30. Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne. Agadas zuwa Bilma kuwa wajen 600 ne ko fiye, gwargwadon hanyar da ja-gora ya bi. Ka ɗauki 650 a lita 20, ya ba ka lita 130, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓata da kafewa da iskar gaba, ya zama wajen 175. Tankin Hilux lita 80 ne, ke nan kana buƙatar jarka huɗu masu lita 25. Da fetur lissafin zai kai lita 260.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ainihin abin da abokanka ke tsoro. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, girgizar hanya mai gargada tana sassauta soket, tana goge waya a jikin ƙarfe, tana kwance kan batir da wayar ƙasa, ƙura kuma tana rufe sensa. Yawancin sensoci in sun sami matsala motar tana ci gaba da tafiya da raguwar ƙarfi. Kaɗan ne ke kashe ta ɗungurungum, babbarsu ita ce sensar kiranshaf, mai sanar da kwamfuta juyawar inji: in ta mutu, kik zai yi ta juyawa inji ba zai kama ba. 'Yar ƙarama ce, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, ka sayi ta asali ka sa a aljihun dashbod, ka kuma sa bakanikenka ya nuna maka mazauninta tun a Zariya. A injin gas na Toyota ka ƙara da bawul ɗin da ke kan famfon mai, wanda makanikai ke kira SCV, don yana daga cikin abin da mai marar kyau ke fara ci. Sensar iska da ke bayan filta kuma, feshin wanke ta na musamman ake amfani da shi, ba a taɓa silin cikinta da hannu ko tsumma.

Na'urar karanta matsala da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke haɗuwa da wayar hannu, ita ce sifanar motar zamani. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Ka gwada ta a kan motarka kafin tafiya, ka tabbatar manhajar tana aiki ba intanet, ka rubuta muhimman lambobi a takarda. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa, ka fara da filta. P0335 sensar kiranshaf ce. P0101 sensar iska. P0299 turbo ba ya cika iska, sau da yawa tiyo ne ya fita ko ya tsage, kilif da salatif sun isa. P2463 matatar hayaƙi ta cika. Mutumin da ya san lambar ya san inda zai sa hannu, wanda bai sani ba sai ya yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau har ya ɓata shi.

Batir ya zama sabo, a ɗaure tam, da robar da za ta hana shi motsi. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, mai giyar hannu ma in ta zamani ce kuma batir ya mutu murus, turi ba zai tayar da ita ba, don kwamfuta da nozul suna buƙatar wuta. Ka riƙe batir na biyu ko ƙaramar na'urar tayar da mota, da wayoyin jona batir masu kauri, da fis kala-kala da rile. Makulli biyu, ɗaya a wuyanka ɗaya a hannun abokin tafiya, don makullin da ya faɗi a yashi ya tafi ke nan, kuma motar zamani ba ta tashi da haɗa waya. Shi kansa 1HZ yana buƙatar 'yar wuta a solanoyid ɗin da ke buɗe mai a jikin famfo, sai dai ana iya jawo masa waya kai tsaye daga batir. Wannan sauƙin shi ne ainihin fifikonsa.

Duk da wannan dogon bayani, in ka zauna da direbobin Agadas za ka ji cewa abin da ya fi ajiye mota a hamada zafi ne da taya da lodi, kuma waɗannan ba ruwansu da tsohuwa ko sabuwa.

A rairayi inji yana aiki da dukkan ƙarfinsa, gudu kuwa kaɗan ne, iska ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata, balle in iskar tana bin bayanka. Lagireton zamani samansa na roba ne, in ya shekara takwas zuwa goma yana tsagewa ba sallama. In ka ga robar ta koma ruwan ƙasa, ka sauya tun a gida, tare da tiyo na sama da na ƙasa, da murfi, da fanbel, ka riƙe tsofaffin a matsayin safaya. Ɗabi'ar cire tamostat da zuba ruwan rijiya, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu, tana cutar da injin zamani: ruwan rijiya yana tara gishiri a ramukan lagireto, kwamfuta kuma tana lissafin mai ne da zafin da ta san injin ya kamata ya kai. Ka mayar da tamostat na asali, ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ka gwada fanka: inji da zafi, a kashe, in ka juya ta da hannu ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, man cikinta ya ƙare. Allurar zafi ta dashbod ba ta motsawa sai abu ya yi nisa, saboda haka ka bar na'urar nan tana nuna maka digirin a wayarka. In ya haura 105, ka kashe na'urar sanyi, ka juya hancin mota ya fuskanci iska, ka bar inji yana aiki a hankali har ya sauka. Kada ka buɗe murfi da zafi.

Giyar otomatik tana da daɗi a yashi don ba ta yanke ƙarfi wajen canji, amma manta yana zafi ƙwarai in ana jan kaya a babbar giya. Ka shiga ƙaramar ogzilari, wato ƙaramar giyar da ke jan tayoyi huɗu, da wuri, ka riƙe ta a giya ta biyu ko ta uku da hannunka. In fitilar zafin man giya ta kama, ka tsaya, ka sa a fakin, inji na aiki. Mai giyar hannu kuwa kuloci ne ke ƙonewa, musamman in an kafe ana ta gaba da baya. Da zarar tayoyi sun fara haƙa, ka ɗaga ƙafa, ka sauka ka rage iska, ka share gaban tayoyi huɗun da shebur, ka shimfiɗa farantin da taya za ta hau ta fita daga yashi.

Iskar taya ita ce rabin tuƙin rairayi. A kwalta da kaya geji 38 zuwa 45, gwargwadon taya. A burji da gargada 28 zuwa 30. A yashi mai laushi 16 zuwa 18, in an kafe har 12, amma a irin wannan gejin kada ka wuce gudun kilomita 40, kada kuma ka karya sitiyari da ƙarfi, taya za ta fice daga rim. Da ka fito kan duwatsun Azbin ka mayar da iska, don gefen taya mai laushi dutse yake jira. Ke nan kwamfaresa mai kyau da geji wajibi ne. Jif ɗin zamani masu rim 20 da siririyar taya ba su da gefen da za a rage wa iska, rim 16 ko 17 ake so, da taya mai kauri irin ta ɗaukar kaya. Ka karanta lamba huɗu da ke gefenta: 3522 na nufin mako na 35 a 2022. Wadda ta wuce shekara biyar kada ta je, komai kyan zanenta. Safaya biyu, da kayan faci, da katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai.

Lodi kuwa, ka zauna da biro. Mutum huɗu kilo 300. Gas lita 100 a jarka kilo 84, ban da nauyin jarkokin. Ruwa lita 200 kilo 200. Safaya ta biyu da kayan aiki da kayan gyara wajen 100. Abinci da jakunkuna 80. Ka doshi kilo 800 ba ka ɗora buhun dabino ko ɗaya ba, alhali Hilux tan ɗaya ne iyakarta, manyan jif masu kujerun alfarma kuwa ba su kai haka ba. Abin da ya wuce nan shi ke karya sifirin, ya dafa shokafzoba, ya lanƙwasa shasi a bayan kai. In kasuwanci ne ya kai ka, kayan su biyo babbar mota. Motocin da ke hawa kan balan-balan na iska maimakon sifirin na ƙarfe kuwa, mu dai ba ma ba da shawarar su a wannan hanya, don balan ɗaya in ya fashe motar ta zauna a ƙasa.

Ogzilarin Hilux na yanzu da maɓalli ake sa shi, ƙaramin moto ne ke tura giyar. Motar da ta shekara uku tana yawo tsakanin PZ da Samaru ba a taɓa sa mata shi ba, moton yana iya ƙin motsi ranar da ake nemansa. Littafin Toyota ya ce a riƙa tafiyar kilomita 16 da shi duk wata. Ka yi hakan a burji, ba a busasshiyar kwalta ba, ka gwada babba da ƙarama da makullin akis na baya. A yashi ka kashe na'urar hana santsi, in ba haka ba ita za ta riƙa taka maka birki tana yanke ƙarfi a lokacin da ka fi buƙatarsa. Filtar iska kuma a duba ta kowace yamma, a bubbuga ta a hankali, ba a hura ta da iska mai ƙarfi don takardar tana hujewa. Ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta: in ka ga ƙura, murfin ba ya zama daidai, kuma injin yana cin yashi. Ka riƙe biyu a ajiye.

Tsohuwar Land Cruiser ɗin ma kada sunanta ya rufe maka ido. Shekara ashirin na lodi a hanyoyinmu ba wasa ba ne. A auna matsin silinda shida, a duba ko tana tura iska cikin lagireto, alamar kan inji ya tsage. A wanke shasi a bi shi da fitila, musamman wajen marikin sifirin da akwatin sitiyari, a nemi tsagewa da tsohuwar walda. A kwance ƙafafun gaba a duba boris da giris, a duba kuros na farfela. Bel ɗin taimin a sauya shi kawai, tunda ba wanda zai rantse maka yaushe aka sa na ciki, kuma in ya tsinke injin ya tashi aiki. Kayan gyaranta suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka da Agadas, amma jabu sun yi yawa, ka je da wanda ya san na asali.

Hukuncinmu ke nan: in iyakarka Agadas ce, Hilux ɗin za ta yi, bayan an tantance matatar hayaƙinta an kuma ƙara filtar mai. In za ka riƙa ratsa Tenere, tsakanin biyun nan Land Cruiser ɗin ta fi dacewa, da sharaɗin ta tsallake binciken da muka lissafa kuma ka ware kuɗin gyara mai kauri. In ta faɗi, ka bar duka biyun ka nemi Hilux ko Land Cruiser 79 da aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa, mai giyar hannu, 'yar shekara biyar zuwa takwas, wadda aka san tarihinta.

Kowacce ka ɗauka, ba a shiga Tenere da mota ɗaya. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu biyu sun lalace. Allah ya jiƙansu. Ka bi ayari mai rakiyar sojoji daga Agadas, ka ɗauki ja-gora ɗan ƙasa, ka sanar da hukuma, ka kuma bincika halin tsaro da na iyaka a makon da za ka tashi, don yana sauyawa. Mafi kyau motocin ayarinku su zama iri ɗaya, yadda za a ciro sensa ko koyil daga wannan a gwada a waccan. Ruwa lita 8 zuwa 10 ga kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana uku, a rarrabe cikin jarkoki da yawa don in ɗaya ta huje kada duka ya tafi. Wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, da wani a gida da ya san ranar da ya kamata ya ji muryarka. In mota ta tsaya, a zauna wurinta a yi inuwa, ba a bin sawu da ƙafa. Lokacin tafiya Nuwamba zuwa Fabrairu ne, daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana haura digiri 45.

A gama duk gyara aƙalla mako biyu kafin tashi, don sabon kayan da aka ɗaura ba daidai ba a kilomitocin farko yake nuna kansa. Ka yi mata cikakken lodin tafiya, ka je Kano ka dawo sau biyu, ka ƙara da yini guda a burji da yashin rafi da ogzilari a ciki. Da ka dawo a ɗaga ta, a bi ƙusoshin ƙafa da na sifirin da na farfela da sifana, a nemi ɗigon mai ko na ruwa, a sake jona na'ura a ga ko wata lamba ta fito. Sannan kai da yaron motarka ku sauya filtar mai da fanbel da taya da hannunku a gida, da kayan aikin da za ku tafi da su kaɗai, don ku gano sifanar da babu tun kuna Zariya.